Kujerar Bakin Gado

Darakta ɗaki ya zo nema. Yaya ta gane haka tun kafin ya zauna, don bakinsa na gaishe ta, idonsa na kan ƙofar ƙarshen baranda, wadda ta kulle tun rasuwar ƙanwarta.

Auta ce ƙanwar, kuma matarsa. A ɗakin nan ta yi jinyar ƙarshe, bayan likitoci sun ce a mayar da ita gida. Shi lokacin yana wani gari yana ɗaukar fim, wayarsa a kashe, don dokarsa ce ba a kunna waya a wurin aiki. Yaya ta kira har yatsanta ya gaji. Ya iso bayan an gama komai, da jakar kyamara a kafaɗa, ya durƙusa a tsakar gida yana kuka, mutane suna ba shi haƙuri. Ita ta ratsa ta gefensa ta je ta wanke zannuwan gado.

Shekara biyu ke nan. Ga shi yau a falonta, ya aje hula a gwiwa.

"Yaya, fim nake so in yi a kanta."

"A kan wa?"

"Auta. Ni da ita. Yadda muka haɗu, yadda muka zauna."

"Da yadda ta mutu."

"Har da shi."

"To sai ka nemi waɗanda suka gani su ba ka labari."

Ya haɗiye wannan. Ya ce ba mai ɗaukar nauyin aikin, kyamara ɗaya ce, mutum uku ko huɗu, ba halin gina ɗaki. Kuma ko da hali, ba inda zai samu haske irin na tagar nan da hantsi. Sannan ya shiga ba ta labarin: miji zaune a kujera bakin gado, yana ba matarsa ruwa, yana gyara mata matashi, ba ya barci, ba ya fita, har ta cika hannunta cikin nasa.

"Ina yayar matar?" in ji Yaya.

"Fim ne, Yaya. Ba a cika shi da mutane. Labarin mutum biyu ne."

"Ɗakin ba na haya ba ne, Baban Ɗigo. Ka gaida gida."

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Sai Ɗigo ta shigo ta ƙofar shagon maganin Yaya da ke gaban gidan, inda ta tsaya karɓar alewar tari a hannun mai jiran shagon. 'Yar Auta ce tilo, shekararta takwas. Lokacin jinyar an kai ta wurin kakarta ta wajen uba, ba ta ga komai ba. Ta faɗa jikin Yaya, ta kama ƙaramin yatsanta na dama kamar yadda ta saba tun tana rarrafe. Yatsan a karkace yake, Auta ce ta datse shi da ƙofar mota suna yara. Ɗigo ƙugiya take ce masa.

"Inna, Baba ya ce a fim ɗin zan ga yadda ya riƙe hannun Mama har ta yi barci." Ta juya alewar a bakinta. "Ke lokacin kina shago, ko?"

Yaya ta dubi Darakta. Shi takalminsa yake dubawa.

Ta tashi ta shiga ɗakinta, ta fito da makulli, ta aje masa a kan tebur.

Ɗakin yana nan yadda aka bar shi. Koren fenti da ya koɗe, tabon yoyo a kusurwar sama, layin da kan gadon ƙarfe ya goge a bango, ƙusar da ake rataye ledar ƙarin ruwa. Can ƙasa kusa da ƙofa, wata kyanwa mai ƙafa biyar da Ɗigo ta zana da fensir. Da hantsi ƙarafunan taga sukan shimfiɗa inuwarsu a kan gado da bango, layi layi. Bangon da tagar take shi ke kallon titi, manne da shagon. Maƙwabta sun sha ce mata ta fasa shi ta faɗaɗa shagon, tunda mutum biyu ba sa iya gilma juna a ciki. Kullum sai ta ce za ta duba.

Ranar farko aka fara da matsala. Mai kyamara ya aiko cewa ya samu aikin ɗaukar taron wani kamfani, sai wani jiƙon. Darakta ya zage shi a waya son ransa, sannan ya ce kowa ya kashe wayarsa. Yaya ta zaro tata, ta kashe a gabansa, a hankali, tana kallonsa.

Saura Darakta, da Dogo mai riƙe sandar makirfo, da Jaruma, wata siririyar budurwa mai dariya da ƙarfi, wadda ta yarda ta fito a matsayin Auta don mutunci. 'Yan kwanaki kawai gare ta, ana jiranta a wani babban aiki a nesa. Ga shi Darakta shi ne mijin a fim, yanzu kuma shi ne mai kyamara.

"Ga yadda za a yi," in ji shi. "Mu ɗauke ɓangarenta duka kafin ta tafi. Nawa ɓangaren sai mai kyamara ya dawo. Dama ina bukatar in tara gemu, in ɗan rame."

"Ka zo ka ci girkin matata kwana biyu," in ji Dogo, "ramar za ta zo da ƙafarta."

Jaruma ta yi dariyar nan tata daga kan gado. Sannan ta ce ita fa ba za ta iya mutuwa tana kallon kujera ba kowa ba, a sa mata mutum. Kuma akwai wuraren da hannun miji zai shigo hoto. Dogo hannuwansa biyu suna sama da sanda. Duk suka juyo suka dubi Yaya, wadda ke tsaye bakin ƙofa.

Haka aka sa mata shuɗiyar rigar Darakta mai dogon hannu, aka ɗaura mata agogonsa. Hannunta babba ne, farcenta a yanke.

"Na hagu za ki riƙa miƙawa, Yaya," in ji shi. "Na daman ki aje shi a cinya."

Ta zauna a kujerar. Kujerar ce dai, har da ƙafar da ke rawa. Cinyoyinta sun san ta.

Aiki ya kankama. Darakta ya tsaya a bayanta da kyamara, yana faɗin maganganun miji ta saman kanta, don Jaruma ta samu abin amsawa. "Ina nan," yake cewa da tattausar murya. "Ba inda za ni." Yaya tana riƙe da hannun yarinyar mutane, tana jin kalmomin suna wucewa ta gefen kunnenta.

Jaruma ba ta da lalaci. Duk hutun da aka samu sai ta matso.

"Anti, numfashinta da ƙara yake fita, ko a hankali?"

"Yakan tsaya. Sai kin cire rai, sannan ya dawo."

"Ruwan fa, tana iya haɗiyewa?"

"A'a. Auduga nake jiƙawa in shafa mata a leɓe."

"Wannan ya yi kyau," in ji Darakta daga inda yake canja batir. "A sa shi." Kamar a hanya ya tsinta.

Aka sa. Aka sa yadda ake juya matashi a ba ta ɓangaren mai sanyi. Aka sa yadda ake tura hannu ƙarƙashin ƙafada a ɗaga ta ba tare da an taɓa inda ke ciwo ba. Duk abin da Yaya ta faɗa, kafin la'asar ya zama na miji. Tana zaune cikin rigarsa tana kallo ana kwashe ta kaɗan kaɗan ana zuba masa. Ba ta daina faɗa ba. Ita kanta ba ta san dalili ba tukuna.

Dogo ne ya ba ta dalilin, bai sani ba. Suna baranda, yana murza kafaɗunsa da man zafi da ta ba shi.

"Wai shi ta yaya zai shiga ɗakin, bayan ita ta tafi?" ta tambaye shi.

"Ai ba sai sun haɗu ba, Anti. Ya zauna a kujerar nan ya yi wa matashi kuka. Mai tacewa ya yanko nan, ya yanko can, ya ɗinke. Kina kallo ki rantse tare suke."

"Ba a ganewa?"

"In dai ɗakin bai canja ba. Bango ɗaya, haske ɗaya, labule ɗaya. Ba ki ga yana bin kowane lungu yana ɗaukar hoto ba? Kofin nan in ya matsa, sai an gane. Akwai aikin da muka taɓa yi, kafin mu dawo mai gidan ya sake fenti. Fim ɗin nan har yau yana kwance cikin kwamfuta, ba wanda ya gan shi sai mu."

"Allah sarki," in ji Yaya. Ta rufe kwalbar man.

Fitowar mutuwa aka bari ƙarshe. Ranar aka makara, wuta ta ɗauke, janaretan maƙwabci ya cika makirfo da ƙara, sai da Dogo ya je ya roƙe shi ya kashe. Kafin a shirya, motar da za ta ɗauki Jaruma ta iso tana jira a ƙofar shago, hasken taga kuma ya fara janyewa daga kan gado.

"Sau ɗaya za mu yi," in ji Darakta. "Kowa ya natsu. Akshin."

Jaruma ta ja numfashi, ta tsayar, ta sake. Ta koya da kyau. Ta buɗe ido da ƙyar ta faɗi abin da aka rubuta mata: "Ka yi mini komai. Ban taɓa juyawa na rasa ka ba."

Abin da Auta ta faɗa daban ne. Cewa ta yi, "Yaya, ya kira?" Yaya ta ce yana hanya. Auta ba ta sake magana ba. Wannan Yaya ba ta ba Jaruma ba, ba ta ba kowa ba.

Ta ji kyamara tana saukowa daga fuskar yarinyar zuwa hannuwa, kamar yadda aka tsara. Ta kuma ji Darakta yana jan hanci a bayanta. Kuka yake, na gaske, irin wanda ke rufe ido. A hankali ta janye hannun hagu, ta ɗora na dama a kan hannun Jaruma, ta shimfiɗa yatsunta. Ƙugiyar ta kwanta a sama, cikin layin haske. Ta bar ta nan. Dogo ya dubi hannun, ya dubi silin.

Direba ya danna hon.

"Kot," in ji Darakta. Ya goge fuska da gefen riga. "Ya yi. Wannan ba a sake shi."

Jaruma ta tashi daga mutuwa ta rungume Yaya, ta suri jakarta ta fice tana gyara ɗankwali. Darakta ya bi ƙasa da farin tef yana sa alamar inda ƙafafun gado da na kujera suke. Ya ja labule daidai inda yake, ya kulle ɗakin, ya miƙa mata makulli.

"Don Allah kada a taɓa komai, Yaya."

"Ba wanda ya taɓa shi tun da ta tafi," ta ce.

Ta yi tunanin fenti, ta ga fenti wasa ne, ana iya mayar da kore. Ta yi tunanin canja labule, ta ji kunyar ƙanƙantar abin. Washegari da safe ta aika aka kira magini.

Kafin ya zo ta shiga ita kaɗai. Ta naɗe katifa, ta cire labule, ta zare ƙusar nan da filaya. Gadon ta ba wata maƙwabciya mai jinyar tsohuwa. Kujerar ta fitar da ita bayan gida. Ɗakin har yanzu yana da ɗan ƙanshin man gashin Auta a jikin durowa, kuma shi ne wuri ɗaya a duniya da Yaya kan shiga ta rufe ƙofa ta yi magana da ƙanwarta kamar tana ji. Ta san abin da za ta biya. Ta tsaya ta auna shi da muryar Ɗigo tana cewa, ke lokacin kina shago, ko? Sai ta buɗe wa magini ƙofa.

"Hajiya, duka bangon?"

"Da na titi, da na tsakaninsa da shago. Tagar ma a cire."

"Ai taga ce mai kyau."

"Ka ɗauka, na ba ka."

Bugun farko ta ji shi a haƙoranta. Ba ta koma ciki ba. Ta tsaya ƙura na sauka a kanta har koren bangon ya zama tarin ɓaraguzai, kyanwa mai ƙafa biyar ta tafi cikin baro da sauran. Aka zuba siminti a kan farin tef ɗin Darakta. Aka shafe abin da ya rage da farin fenti, kafinta ya kafa kantoci, aka sa ƙofar gilashi. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa albarka.

"Ai gara da kika yi. Mun daɗe muna faɗa miki."

"Na dai ga lokaci ya yi," take cewa.

Darakta ya dawo da gemu. Ya rame kuwa, har wuyan shuɗiyar rigar ya yi masa yawa. Mai kyamara na biye da shi da kaya, Dogo a baya da sandarsa. Suka tsaya a titi suna kallon ƙofar gilashi. Dogo ya aje sandar a hankali, ya ce shi bari ya je ya nemo ruwan sha, bai kuma dawo da wuri ba.

Yaya tana ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyin hawan jini lokacin da ya shigo. Ya taka har tsakiyar sabon wurin, ya juya, ya sake juyawa, yana neman taga.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Shago. Bari in sallami Baaba." Ta juya ga tsohuwar. "Ɗaya da safe, bayan kin ci abinci. Kada ki haɗa biyu don kin manta na jiya."

Tsohuwar ta fita tana waiwayen mai gemu.

"Na roƙe ki," in ji shi. "Na ce kada a taɓa komai."

"Ka roƙa."

"Kin san abin da kika yi? Rabin fim ne. Duk ɓangarena. Ban ɗauki ko fitowa ɗaya a ɗakin nan ba."

"Na sani. Ba ka cikinsa."

"Da gangan kika yi."

"Da magini na yi."

Ya dafa kantar magani da hannu biyu. "Matata ce, Yaya. Kina ganin ke kaɗai kika yi rashi? Shekara biyu ban iya kwana a gefen gadonmu ba. Wannan fim ɗin shi ne kaɗai abin da zan iya yi mata."

"Ita ba ta kallon fim yanzu. Ɗigo ce mai kallo."

"To me kike so in ce wa yarinya? In ce mata uwarta ta mutu ina can ina faɗa da janareta?"

"Ban ce ka ce komai ba. Da ka yi shiru, da ɗakin na nan."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ka rubuta mata cewa ba ta taɓa juyawa ta rasa ka ba. Kana son na gaskiyar? Cewa ta yi, ya kira? Na ce kana hanya. Ƙaryar da na yi maka ke nan, kuma ita ce ta ƙarshe. Ka sa wannan, in ya yi kyau."

Ta daɗe tana ajiye maganar nan, tana tunanin ranar da za ta fitar da ita. Ta ga ta shige shi har inda take so. Ya tsaya, gemun da ya tara don baƙin cikin fim yana rawa. Abin ya yi mata daɗi, ba ta kuma ji kunyar daɗin ba.

"Zan samu wani bangon," ya ce daga ƙarshe. "Kore ba a gidanki kaɗai yake ba."

"Allah ya ba da sa'a. Ka ja mini ƙofar, ƙura na shigowa."

Sauran labarin a bakin Dogo ta riƙa ji, in ya zo sayen man zafi. An samu ɗaki a gidan abokin mai kyamara, an shafa masa kore. Koren ya fito sabo fil, kamar na makarantar yara. An goga masa toka da ruwan shayi, ya koma wani abu daban. Tagar ɗakin yamma take kallo, ba ta da ƙarafuna, sai aka yanka kwali aka riƙe a gaban fitila. Jaruma ta ce ba za ta samu dawowa ba, kuma ko ta dawo, an sa ta ta yi ƙiba saboda sabon aikin.

"Mai tacewa ya ce in an haɗa, kamar waya suke yi wa juna," in ji Dogo. "Ita tana gida, shi yana wani gari."

"Ikon Allah."

"Ya kuma nuna wa Darakta yatsan."

Yaya ta ci gaba da jera kwalabe.

"Darakta ya ce ba mai kallon yatsa ana mutuwa. Kuma ba wata ɗaukar, ita ke nan. In ya cire ta, ba fim." Dogo ya karɓi ledarsa. "Ni dai sanda nake riƙewa, Anti. Sama nake kallo."

An nuna fim ɗin wata ranar Asabar da rana, a ajin wata makaranta da aka ara, an toshe tagogi da barguna. 'Yan uwa ne da abokai da 'yan sana'ar. Yaya ba a gayyace ta ba. Ɗigo ce ta kira ta da wayar ubanta ta ce ta ajiye mata wuri. Ta same ta a layin gaba, uban a damanta, kujera ba kowa a hagunta.

Farkon fim ɗin, wanda aka ɗauka tun kafin mai kyamara ya tafi, ba laifi. Haɗuwarsu a layin biyan kuɗin wuta, ɗakinsu na farko mai katifa a ƙasa, faɗan da suka yi a kan fanka. Yaya ta san wasu daga ciki, Auta ta ba ta labari. Har ta kusa yin dariya sau ɗaya, ta fasa.

Sai aka shiga koren ɗaki. Ganinsa a jikin bangon aji, babba, da tabon yoyonsa da layukan haskensa, ya daki Yaya fiye da yadda ta shirya. Nan kaɗai ya rage yanzu, cikin fim ɗin mutumin nan. Aka nuno Jaruma a gado. Aka yanka zuwa Darakta da gemunsa, a gaban wani kore mai duhu, haske na dukansa ta ɓangaren da ba taga. Wani a baya ya yi wa na kusa da shi raɗa. Yawancin mutane dai ba su damu ba, mata har sun fara jan hanci. Auduga ta taɓa leɓe. Aka juya matashi. Darakta na can cikin nasa koren yana cewa, "Ina nan. Ba inda za ni."

Jaruma ta faɗi maganarta ta ƙarshe. Kyamara ta sauko. Hannu ya cika bango, hannun shuɗiyar riga, yatsu a shimfiɗe, ƙaramin a karkace cikin haske. Hoton ya daɗe, don mai ɗaukar ya manta ya tsayar.

"Ƙugiya," in ji Ɗigo.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ajin shiru yake. Ta dubi bango, ta sunkuya ta dubi hannun Yaya a kan cinya. Sannan ta juya ta ɗago hannun ubanta na dama, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk a miƙe. Ta mayar masa da shi kan gwiwarsa.

"Baba, kai kana ina?"

Idon Darakta na kan bango, inda sunansa ya fara hawa, sau uku a jere. Aka tafa. Aka yaye barguna. Mutane suka taso suna kama hannunsa suna cewa ya yi ƙoƙari, Allah ya jiƙanta. Yana amsawa da kai.

Ɗigo ta ce ita gidan Inna za ta. Uban ya ce to, bai dubi kowa ba.

A hanya ba ta kama ƙugiya ba. Ta riƙe igiyar jakarta da hannu biyu, tana tafe gefen Yaya har suka iso. A ƙofar gilashi ta tsaya.

"Ina so in ga ɗakin Mama."

"Babu shi. Na fasa."

"Don me?"

"Shagon ya yi mini kaɗan."

Yarinyar ta dube ta, irin kallon da Auta kan yi mata in ta san ba a faɗa mata duka ba. Ta shiga. Ta bi kantoci da ido, ta duba can ƙasa kusa da inda ƙofa take a da. Farin fenti ne kawai.

"A ina gadon yake?"

Yaya ta nuna mata tsakanin kantar sabulun jarirai da katan-katan na ruwan gishiri. "Nan. Kanta ta wajen can."

"Kujerar fa?"

"Inda kike tsaye."

Ɗigo ta dubi ƙafafunta. Ba ta matsa ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya nan da jakarta, tana kallon katan-katan.

Wani mutum ya turo ƙofa, ya ce a ba shi maganin ciwon kai, mai ƙarfi. Yaya ta zagaya bayan kantar magani ta ɗauko masa.